Saƙon da Ban Kai wa Nasiru Ba

Ummi da Faruku, ku biyu nake rubuta wa wannan. Kun kalli bidiyon nan ya fi sau ɗari: babanku yana gudu, hularsa ta faɗi, ya taka katanga da ƙafa ɗaya ya cafke ƙwallo a sama, ya diro yana ihu. Kun nuna wa abokanku na makaranta, kun nuna wa mai gadin gidanmu, kun nuna mini ni ma kamar ban taɓa gani ba. An gaya muku cewa a makon da aka yi wasan nan kakarku Hajiya Rabi tana kwance a asibiti, kuma ita ce ta hana a sanar da shi. Gaskiya ne, amma ba a ƙarasa muku labarin ba, don ni kaɗai na san ƙarashen. Na haura saba'in yanzu. Likita ya ce in rage yawo, ni kuwa ban iya zama wuri ɗaya ba. Nakan rubuta layi biyar in tashi in leƙa titin Faisal ta baranda, in kalli ƙananan motocin haya suna rububin fasinja, in dawo in ɗauki biro. In kun ga rubutun ya karkace, dalilin ke nan.

Daga Funtuwa na zo Alƙahira, direba a ofishin jakadanci, da niyyar in yi shekara huɗu in koma. Ga shi har yau ban koma ba. A wani ɗan gida a unguwar Dokki aka haifi gwaggonku Binta, bayan shekara uku aka haifi babanku Nasiru. Tun yana rarrafe muka san Allah ya ba mu mai baki. Bai kai shekara biyar ba yana zagin masu sayar da burodi da Larabcin titi, su kuwa suna dariya suna ƙara masa guda. Mutanen layinmu suka sa masa suna Abu Lisan, wato mai harshe. Duk ranar Asabar ina kai 'ya'yan maigidana wani fili a Ma'adi inda yaran baƙi ke wasa, sai in tafi da shi don uwarsa ta huta. Ku kun san besbol, amma 'yan'uwanku na Funtuwa da za su karanta wannan ba su sani ba. Wani ne ke jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya doke ta da kulki ya ruga. Can a bayan fili mutum uku na tsaye suna jiran ta. In sun cafke kafin ta taɓa ƙasa, mai bugun ya fita. In ta haye katanga babu mai iya komai, maki ya shiga. Babanku ɗaya daga cikin ukun nan na bayan fili ya zama.

Mai koyar da yaran wani injiniya ne ɗan Japan, mutum mai shiru, wanda aiki ya kawo shi Masar. Wata Asabar Nasiru, yana ɗan shekara tara, ya je ya tsaya a gabansa ya ce masa duk yaran nan ba su iya gudu ba. Na ji kunya ta kama ni, na taho in ja kunnensa. Mutumin ya ɗaga mini hannu, ya miƙa wa yaron safar hannu ta fata, ya nuna masa bayan fili. Daga ranar nan ban sake samun ɗana a hannuna ba.

Ni burina daban ne. A garin da ɗalibai ke barin iyayensu daga Kano da Sakkwato su zo neman ilmin addini, ina ganin asara ce a haifi yaro a nan ya tashi bai zama malami ba. Na sa shi a makarantar addini, ya riƙa tserewa. Na ɓoye safar hannun, ya yi wasa da hannu tsirara har yatsansa ya goce. Mun yi shekaru muna wannan ja-in-ja, Hajiya a tsakani. Da ya kai ashirin, injiniyan nan, wanda tuni ya koma ƙasarsu, ya samo masa gwaji a wata ƙaramar ƙungiya da ke biyan 'yan wasanta albashi, a wani tsibirin ƙasar tasu da ban taɓa jin sunansa ba. Ranar da ya gaya mana muna cin abincin rana, ban ɗaga kai daga kwanona ba.

"Baba, wata rana a talabijin za ka gan ni," in ji shi.

"Ba ni da lokacin kallon ƙato yana bin ƙwallo," na ce.

"To za ka samu. Kai da kanka za ka tara mutane."

"Nasiru, rufe bakinka ka ci abinci," in ji uwarsa. Amma na ga tana danne murmushi.

Ban raka shi filin jirgi ba. Ni da na yi shekara talatin ina kai baƙin mutane filin jirgin nan, ranar sai na ce ina da aiki. Binta da uwarsa ne suka ɗauki tasi.

Shekarunsa na farko a can ba su yi daɗi ba, ko da yake a waya ba za ka gane ba. Mutanen ƙasar suna son ɗan wasa mai sunkuyar da kai, shi kuwa in ya doki ƙwallo sai ya wurgar da kulkin ya tsaya yana kallon ta. In ya cafke mai wuya sai ya juya ya rusuna wa magoya bayan abokan hamayya, su yi ta masa ihu. Ya taɓa gaya wa 'yan jarida sunan wanda zai doka gobe, aka zaunar da shi wasa uku. Ƙungiyar farko ta sallame shi, ta biyu ta ɗauka, ya yi faɗa da mai horar da su, ta ukun ce ta haƙura da halinsa don hannunsa da ƙafarsa. Duk Juma'a yana kiran uwarsa, ta sa wayar a kan tire tana gyaran molokiya, wato ganyen lalo, shi kuma yana zuba. Ina daga falo da jarida a hannuna, ba na karanta ko layi ɗaya. In ta ce ga babanka, sai in ce a gaishe shi.

A lokacin na yi ritaya, mun koma Faisal inda haya ta fi sauƙi, ina tuƙa wa wani kamfani a unguwar Mohandessin. Akwai wani gidan shayi kusa da ofishin inda direbobi ke jiran iyayen gidansu. Mai wurin, Am Ragab, dattijo ne mai son hira. Wata rana ina zaune sai Binta ta turo mini saƙo a waya, ta ce in danna. Na danna. Ga fili kore shar, ga wani dogo da lamba a bayansa yana tauna cingam, yana nuna wa mai jifa katanga da kan kulkinsa. Na san wannan tsayuwar. Jifa na biyu ya ɗauke ƙwallon, ta tafi, ta tafi, ta faɗa cikin mutane. Ban san lokacin da na miƙe ba, shayi ya zube mini a wando. Am Ragab ya leƙo.

"Ya Hajj, lafiya?"

"Ɗana ne," na ce. Karo na farko ke nan da na faɗi haka game da wasan nan.

Daga nan cuta ta kama ni. Wasanninsu na yamma ne a can, nan kuwa hantsi ne zuwa azahar, daidai lokacin da nake zaman jira. Am Ragab ya haɗa wayar da talabijin ɗinsa. Direbobin da ba su san komai ba sai ƙwallon ƙafa suka fara tambayata dokoki, ni da na koya jiya ina yi musu bayani kamar a ciki aka haife ni. Suka daina kirana Hajj Abubakar, suka koma Abu Nasir, wato baban Nasiru. Shekara arba'in ina buɗe wa mutane ƙofar mota a garin nan ba wanda ya san sunana, sai ga shi ana tashi a ba ni kujerar gaba. A gida kuwa ban ce uffan ba. Nasiru bai sani ba. Hajiya na tabbata ta gane, don wata rana ta tambaye ni me ya sa nake duba agogo kowace safiya, ta yi dariya, ba ta jira amsa ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce ta shida da tafiyarsa. Ƙungiyarsu ta kai wasannin ƙarshe na fitar da zakara, abin da ba ta taɓa yi ba. Ƙa'idar ita ce wanda ya fara cin wasa uku ya ɗauki kofi. Nasiru ya kira ya ce akwai mutanen babbar gasar ƙasar da za su zo kallonsa, in ya yi abin kirki sun ɗauke shi, in bai yi ba shekarunsa sun fara ja, ba za su sake waiwayarsa ba. Kwana biyu kafin wasan farko Hajiya ta faɗi a kicin. Ta daɗe da ciwon zuciya tana ɓoyewa. Muka kai ta wani asibiti a Dokki. Likitan ya ja ni gefe ya yi mini magana a hankali, irin maganar da ba sai an fassara maka ba. Na tambaye shi kwana nawa, ya ce ilmin wannan na Allah ne, amma wanda ke nesa ya kamata ya matso.

Na shiga ɗakin, Binta na zaune a bakin gado. Hajiya ta dube ni, ta karanta fuskata.

"Malam, kada wanda ya gaya wa yaron nan."

"Umma, ai dole ya sani," in ji Binta.

"Na ce a'a. Shekara shida yana wahala a ƙasar mutane. Mako ɗaya ya rage. In ya ji zai jefar da komai ya taho, na san shi. Ku bar shi ya gama."

Wannan shi ne abin da aka gaya muku, kuma haka aka yi. Binta ta yi kuka ta yarda. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, wani sanyi na ji a ƙirjina, don an ɗauke mini nauyin zaɓi.

Makon nan ban zauna ba. Da safe in tashi daga Faisal in kama motar haya zuwa asibiti, in tsaya a kanta, in fita baranda, in sauka ƙasa, in sayo ruwan da ba a aike ni ba. Da hantsi in ce zan leƙa ofis, alhali na ɗauki hutu, in taka da ƙafa zuwa wurin Am Ragab. Su Nasiru suka sha kashi a wasan farko, suka rama a na biyu, aka sake doke su a na uku. In aka ƙara cinye su sau ɗaya, shi ke nan. Bayan wasa na uku Nasiru ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce kofin nan nasu ne, wanda bai yarda ba ya zo ranar Alhamis ya gani. Direbobi suka yi ta tafi da aka fassara musu. Da ya kira uwarsa, Binta ta ɗauka ta ce tana barci, washegari ta ce ta tafi ta'aziyya. Bai yi zargin komai ba, kansa ya cika.

Ranar Litinin da la'asar Binta ta sauka sayen magani, aka bar ni da Hajiya. Na ɗauka barci take yi. Ina tsaye a taga ina kallon wani mai kura yana faɗa da mai tasi, sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Malam."

Na matso.

"Na fasa. Kira mini Nasiru. Ka ce masa ya zo, ina son in ga fuskarsa. Ƙwallo ba ta ƙarewa."

"To, Hajiya."

"Yanzu, Malam. Kada ka bari sai gobe."

"Yanzu zan kira."

Na ɗauki wayar na fita. Ban tsaya a baranda ba, na sauka, na fita ƙofar asibitin, na bi titi. Na ce bari in sami wurin da babu hayaniya, a garin da babu irin wannan wurin. Na wuce masu sayar da lemo, na wuce ofishin da na yi wa aiki shekara talatin, na kai bakin Nilu, na juyo. Ina tafe ina lissafi. In na kira yanzu, Laraba yana nan. In na bari, wasa na huɗu gobe ne, in an cinye su ai shi ke nan, sai ya taho ba tare da ya rasa komai ba. Kwana ɗaya ne kawai. Likita ai bai ce gobe ba. Ita ma da bakinta ta ce a bar shi, wataƙila zafin ciwo ne ya sa ta sauya, gobe ta sake sauyawa. Duk waɗannan na gaya wa kaina, kuma kowanne yana da kamar gaskiya. Amma yau da nake rubuta muku, ba zan ɓoye na ƙasan ba. Ina son in ga wasan. Ina son mutanen babbar gasa su ɗauke shi, in shiga gidan shayin nan a tashi a ba ni kujera. Ni da na ce ba ni da lokacin kallon ƙato yana bin ƙwallo.

Ina tsaye a gaban wani kantin takalma wayar ta yi ƙara a hannuna. Shi ne. Ya kasa barci, in ji shi, ya kira uwarsa ba a ɗauka ba.

"Baba, ina Umma?"

"Tana hutawa."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

"Ka gaya mata gobe ta buɗe talabijin. Wallahi sai na ba su mamaki. Kai ma da za ka kalla sau ɗaya, Baba, sau ɗaya tak."

"Allah ya ba da sa'a," na ce, na kashe.

Da na koma ɗakin ta buɗe ido ta tambaye ni ko na same shi. Na ce na same shi. Ta ce ya taso? Na ce yana neman jirgi. Ta yi hamdala ta rufe ido. Binta ta shigo da ledar magani ba ta ji komai ba, ni kuma ban gaya mata ba.

Talata ce ranar bidiyonku. Su babanku suna gaba da maki ɗaya a zagayen ƙarshe, abokan hamayya na da mutum biyu a kan hanya masu jiran bugun da zai ba su maki, mai bugunsu ya ɗauke ƙwallon ta nufi katanga. Kowa a filin ya san ta tafi. Babanku ya juya baya ya ruga, ya taka katangar, ya miƙa hannu ya dawo da ita daga wancan gefen. Gidan shayin ya kaure. Am Ragab ya sumbaci goshina, wani direba ya ɗaga ni sama. Na yi ihu har muryata ta dushe. Sai da na fito titi rana ta doke ni na tuna cewa nasarar nan tana nufin ƙarin kwana biyu. Na taka zuwa asibiti kamar mai ɗauke da buhu.

"Ya taso?" in ji ta.

"Yana hanya, Hajiya."

Laraba ta sake tambaya, na sake faɗin haka. Ta ce hanyar da nisa. Na ce da nisa ƙwarai. Binta ta ɗauka ruɗewar ciwo ce, ta riƙa shafa mata hannu tana cewa zai zo, Umma, zai zo. Duk lokacin da aka turo ƙofa, ko ma'aikaciyar jinya ce, sai ta juya kai. Na kasa tsayawa a ɗakin. Na hau bene na sauka, na hau na sauka, har mai gadin asibitin ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajj, zauna mana." Na zauna minti biyu na miƙe. Na fitar da wayar ya fi sau ashirin. Kowane karo sai in ce saura kwana ɗaya, wanda ya yi haƙurin biyu.

Ranar Alhamis ban so zuwa gidan shayin ba, ƙafafuna ne suka kai ni. An tafi kunnen doki har zagaye na takwas, saura ɗaya a tashi. Nasiru ya shigo da mutum ɗaya a kan hanya. Ya kuskure jifa biyu, saura ɗaya ya fita, 'yan kallo suna masa ihu, ya fita daga layin ya gyara hula ya yi musu murmushi, ya nuna katanga. Na uku ya same ta a tsakiya, ta haye katangar. Bai ma gudu ba, tafiya ya yi. Na ga abokan wasansa sun danne shi a ƙasa, na ga direbobi suna rawa, ni kuwa ina zaune, karon farko a makon da na zauna da gaske. Da aka tashi wasan, kofi na hannunsu, na fita bayan shagon na kira shi. Da ƙyar yake jina saboda hayaniya.

"Baba! Ka gani? An ce maka? Ba Umma wayar!"

"Nasiru, ka nemi jirgi. Uwarka tana asibiti."

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na gaya masa. Ya ajiye wayar.

Daga tsibirin nan babu jirgi sai da safe, daga babban birninsu kuma sai da yamma. Hajiya ta cika ranar Juma'a bayan asuba, hannunta a cikin na Binta. Aka yi mata salla bayan Juma'a, muka kai ta maƙabartar da ke hanyar Fayyum. Ɗalibai 'yan ƙasarmu sun zo da yawa, Allah ya saka musu, su suka ɗauki makarar. Nasiru ya sauka ranar Asabar da hantsi. Wannan karon na je filin jirgin. Ya fito da 'yar jaka ɗaya, ya dubi fuskata, ya ajiye jakar a ƙasa.

A mota Binta ta gaya masa cewa Umma ce ta hana. Ya daɗe yana kallon waje, sannan ya juyo gare ni.

"Baba, ba ta neme ni ba? Ko sau ɗaya?"

Ina riƙe da sitiyari. Na ce, "Ta ce a bar ka ka gama."

Ban yi ƙarya a kalmomin ba, shi ya sa na iya faɗin su. Ya gyaɗa kai. Bai yi mini faɗa ba, bai yi wa Binta ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Mutanen babbar gasar sun ɗauke shi. Ya yi shekara biyar a can, ya yi suna, ya auri mahaifiyarku, gwiwa ta tsayar da shi, ya dawo Alƙahira yana koya wa yara wasan. Amma bakin nan bai koma tare da shi ba. 'Yan jaridar can sun yaba, sun ce ya girma, ya koyi ladabi. Ni na san ba ladabi ba ne. Ku kun tashi kun ga uba mai ƙarancin magana, har kuna mamaki in tsofaffin Dokki suka kira shi Abu Lisan. Wata rana Binta ta gaya mini abin da ya ce mata: ba rashin ganin gawar ke damunsa ba, abin da ke cinsa shi ne uwarsa ta mutu tana ganin ƙwallo ta fi ta a wurinsa, har ba ta ga amfanin kiransa ba. Shekara goma sha huɗu yana ɗauke da wannan, ina kallo, muna cin abinci a tire ɗaya duk Juma'a.

Watan jiya ya zo ya kai ni ganin likita. A dawowa cunkoso ya riƙe mu a kan gada, mota ba ta gaba ba ta baya. Shi ke tuƙi. Ban shirya ba, ban yi istihara ba, kawai na ji in ban faɗa a nan ba sai dai a kabari. Na gaya masa duka: Litinin ɗin, bakin Nilu, kantin takalma, gidan shayin Am Ragab, kujerar gaba. Bai katse ni ba. Da na gama motocin gabanmu sun motsa, na baya suna ta hon, shi bai taka ba. Ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa ya fita, ya bi gefen gadar da ƙafa yana ɗingishi. Na zagaya na karɓi tuƙin na kai motar gida.

Kwana tara bai zo ba, bai kira ba. Na san kun lura, na san mahaifiyarku ta ce muku aiki ne ya yi masa yawa. A rana ta goma da la'asar na ji ana buga ƙofa. Ya shigo bai zauna ba, ni ma ban zauna ba. Muka tsaya a tsakiyar falo kamar baƙi biyu a tashar mota.

"Ban yafe ba tukuna," in ji shi. "Ban san yaushe ba."

"Ba wannan nake roƙo ba."

"Ka rubuta wa yaran nan. Da hannunka. Kada su ji a bakina, don in na faɗa ba zan yi maka adalci ba."

"Zan rubuta."

Ya juya kamar zai tafi, ya kama hannun ƙofar, ya tsaya.

"Yaya ta ce? Kalmominta nake so, ba naka ba."

Na faɗa masa. Na fasa, kira mini Nasiru, ka ce masa ya zo, ina son in ga fuskarsa. Ya ce in sake. Na sake. Ya tambaye ni sau nawa ta tambaya ko ya taso, na ƙirga masa ranakun ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa yadda take juya kai in an turo ƙofa. Ya jingina goshinsa da ƙofar, kafaɗunsa suna rawa, ƙato mai 'ya'ya biyu. Ban taɓa shi ba, don ban san ko ina da wannan izinin ba. Da ya natsu ya share fuska da hannun riga, ya ce ranar Juma'a zai zo ya ɗauke ni mu je kabarinta a hanyar Fayyum, in shirya da wuri, kuma shi zai tuƙa.